Na Tafi Abuja A Mota, Na Dawo Jos A Kan Taya Biyu

Tun da aka janye tallafin man fetur a ƙarshen watan Mayun 2023, motata ta koma ta zuwa ɗaurin aure da kai iyali asibiti. Gidana yana Rikkos, shagona yana Bukuru, kullum sai na yi wannan hanyar safe da yamma, ga shiga ƙauyuka karɓo kaya lokaci-lokaci. Boxer ɗin da nake lallaɓawa bai taɓa kunyata ni ba, sai dai tun ina saurayi nake da ƙulafucin babban mashin, irin mai silinda huɗu da in ya wuce sai kowa ya waiga. Da kuɗi suka ɗan taru, na duba na ga a Jos ba kasafai ake samun na sayarwa ba. In ma an samu, ƙwaya ɗaya ne, ka saya ko ka bari. Legas ce babbar kasuwarsu amma ta yi min nisa, shi ya sa na nufi Abuja, inda zan ga da yawa a jere, in hau, in zaɓa.

Ban tafi ni kaɗai ba. Akwai wani dattijon makaniki a Dilimi wanda ya fara aikin babura tun zamanin Vespa da Honda Benly, kowa Baba yake ce masa. Ya yarda zai raka ni bisa sharaɗi biyu: kuɗin mota da abinci a wuyana, kuma kada in tura wa kowa ko sisi sai ya ɗora hannunsa a kan injin.

Muna idar da sallar asuba muka nufi tasha, sanyin hunturu yana ratsa rigar sanyi har ƙashi. Kujera naira 13,000 ce a Sharon, muka biya biyu, muka jira ta cika. Daga Mararrabar Jama'a zuwa Riyom babu wani labari, kowa ya dunƙule yana gyangyaɗi. Ni kuwa ban runtsa ba, domin a karon farko ina kallon hanyar nan da idon wanda zai dawo ta cikinta a kan babur. Ramin da direba zai faɗa ya ce "sannunku" a wuce, ni a wurina abin lissafi ne. A gangaren Hawan Kibo kunnuwa suka toshe kamar yadda suka saba, muka wuce wata tirela da ta kwanta a gefen kwana da kayanta a warwatse. Jos tana sama da teku da kimanin mita 1,200, kuma a wannan gangaren ake zubar da mafi yawan tsayin, shi ya sa kafin mu kai Forest kowa ya tuɓe rigar sanyinsa. Tsakanin Gwantu da Andaha kwaltar ta sha jiki. Baba ya taɓa ni ya nuna wani rami mai kaifin baki, ya ce, "Ka riƙe wannan a ranka in mun je wurin masu ƙyalƙyali."

Daga Akwanga zuwa Keffi tagwayen hanya ne sumul, an ma sa musu shingen karɓar kuɗi tun farkon 2025. Sai Masaka, sai Mararaba, sai Nyanya, inda cunkoso ya cinye mana duk lokacin da muka rage a baya. Muka kama ɗaki a wani ƙaramin otal a Karu, naira 18,000 kwana ɗaya, gado biyu. Ba a iya barci sai da fanka, kuma da an kashe janareto tsakar dare sai zufa ta karyo. A wannan watan a Jos bargo biyu nake rufa da shi. Wannan bambancin zafin ya shafi cinikin da ya kawo mu fiye da yadda mutum zai zata, don babban inji a gari mai zafi wata halitta ce daban.

Da safe wani dillali da aka haɗa mu da shi ya kai mu wani fili da aka kewaye da kwano, ciki babura sun kai goma sha, an wanke su an goge har kana ganin fuskarka a tanki. Galibinsu daga Amurka aka shigo da su, ana ganewa daga agogon gudun da ke lissafi da mil maimakon kilomita. Wanda ya fara ɗauke min ido shuɗin Yamaha R6 ne. Shi ne a fuskar wayata shekara da shekaru. Injinsa si-si 599 (si-si shi ne ma'aunin girman inji), silinda huɗu, kuma kamfanin ya daina ƙera na hawa titi bayan 2020, abin da dillalin ya yi ta nanatawa don ya nuna min cewa kaya ne da ba za a ƙara samu ba. Na ɗaga ƙafa na hau. Tsayin kujerarsa milimita 850 ne, ni kuma ba dogo ba ne, sai ga ni ina taɓa ƙasa da yatsun ƙafa kawai. Hannuwansa suna can ƙasa a manne da ƙahon gaba, matakan ƙafa kuma an ja su baya an ɗaga su sama. Zaman da ya tilasta min shi ne na mai ruku'un da liman ya ƙi ɗagowa.

Aka bar ni in zagaya da shi, yaron dillalin yana bina a wani babur. A nan zan faɗi abin da nake ganin duk mai zuwa Abuja sayen mashin ya kamata ya sani: titunan garin nan suna ruɗar mai saye. A kan faffaɗan titi mai santsi iska tana dukan ƙirjinka ta ɗauke maka nauyin jikinka daga kan hannu, injin yana kuka mai daɗi, sai ka ji duniya ta tsaya. Da na dawo ina washe baki, Baba ya ce wa dillalin, "Alhaji, a ba shi ya shiga da shi cikin unguwa, inda ake tafiya da giya ɗaya." Dillalin bai so ba, amma ya yarda. Cikin 'yan mintoci a bayan wata motar yashi labari ya sha bamban. Babu iska, don haka duk nauyina ya sauka a wuyan hannu. Don in ga gabana sai na ɗage kai, wuya ya ƙage. Hannun hagu ya gaji da matse kuloci, domin irin wannan injin ba shi da wani kuzari a ƙasa, ƙarfinsa na gaske sai allura ta haura juyi 10,000 a minti, abin da ba za ka taɓa buƙata tsakanin Terminus, a tsakiyar Jos, da Bukuru ba. Da zafin ruwan lagireto ya haura digiri 100 fanka ta tashi, ta dinga huro min wuta a cinya. Wajen juyawa a lungu kuma kan bai lanƙwasuwa sosai, sai da na yi gaba na yi baya da ƙafa. Don filin tsere aka ƙera R6, kuma a can ba shi da laifi ko kaɗan. Ni dai ba filin tsere nake zuwa da safe ba.

Na sauka ina yarfe hannu. Baba ya ce, "Wannan na ranar Lahadi ne. Kai kuma na ranar Litinin ka zo nema."

A can ƙurya akwai Suzuki Hayabusa baƙa wul, wadda ko yaran unguwarmu sun san sunanta. Ta fito a 1999 ta zama mafi gudu a cikin baburan da ake sayarwa, har sai da manyan kamfanonin suka daidaita a tsakaninsu cewa kada babur ya wuce kilomita 299 a awa. Wadda muka gani mai si-si 1,340 ce, samfurin da aka fara a 2008. Abin mamaki, ta fi R6 daɗin zama nesa ba kusa ba: kujera mai faɗi, ba tsayi sosai, kuma injin yana ja tun daga ƙasa ba sai ka takura masa ba. Amma nauyinta ya haura kilo 260. Baba bai ce komai a kan injin ba, cewa ya yi in kashe ta in tura ta zuwa bakin ƙofa in dawo da ita. Na tura, na dawo ina haki. Ya ce, "To ka tuna shingaye nawa muka wuce jiya." Ban ƙara waiwayarta ba.

Da rana muka ci tuwon shinkafa da miyar taushe a wata rumfa, naira 2,500 kowane faranti, nama yanka biyu. A Jos da wannan kuɗin har da fura za ka haɗa.

Da yamma dillalin ya ce in ina son jin gaskiya in je inda masu manyan babura ke taruwa bayan magariba, wani lambun shaƙatawa mai masu tsire a bakin ƙofa. Mun je, kuma a nan na fi ƙaruwa. Mutanen ba irin waɗanda nake zato ba ne. Na ɗauka 'yan bana-bakwai zan tarar masu tayar da ƙura, sai na samu ma'aikatan gwamnati, da likita, da 'yan kasuwa masu furfura, kowa da hular kwanonsa mai rufe fuska a gefe. Wani ɗan Zariya da ke zuwa ofis kullum daga Kubwa a kan Kawasaki Ninja 1000 ya ja min kujera. Ya ce shi ma da Yamaha R1, yayan R6, ya fara, bayansa ne ya sa ya sayar. Ya bayyana min abin da ban taɓa ji a tsare haka ba: jin daɗin babur yana tsakanin wurare uku ne, inda ka zauna, inda ka kama, da inda ka taka. In hannu ya yi ƙasa da yawa, wuyan hannu da wuya ne za su biya. In mataki ya yi sama da yawa, gwiwa ce za ta biya. Laushin kujera, a cewarsa, shi ne na ƙarshe a lissafi, don ita kaɗai ce mai ɗinkin kujera zai iya gyara maka da kuɗi kaɗan.

Muna cikin hira wani koren babur ya shigo ya yi fakin, mai shi ya cire hula, sai ga mace da ɗankwali a ciki. Na ga Baba ya ajiye tsinken tsirensa. Ashe Hajiyar sananniya ce a wurin, Ninja 650 take hawa. Da aka ce mata daga Jos muke, kuma ga abin da ya kawo mu, ta dube ni daga sama zuwa ƙasa ta ce, "Malam, kada ka sayi abin da tafin ƙafarka ba ya taka ƙasa a kansa. Ba a guje ake yawan faɗuwa ba, a tsaye ake faɗuwa, a bakin gidan mai, kowa yana kallo." Kujerar nata milimita 790 ce, nauyinsa bai kai kilo 200 ba, silinda biyu. Ta ƙara da wata magana da babu namijin da ya tuna da ita a wurin, cewa duk mai hawa da kaftani ko babbar riga ya tattare ta sosai, domin sarƙa da tayar baya ba su san ranar Juma'a ba.

Su ne kuma suka ja min kunne a kan takardu. Tun 2006, lokacin da Malam Nasiru El-Rufa'i yake ministan Abuja, aka hana acaɓa a tsakiyar birnin, kamar yadda aka hana mu a Jos da Bukuru tun zamanin Gwamna Jonah Jang. Babur na kanka daban ne da na haya, amma kai ne za ka tabbatar da hakan a bakin titi: lamba, takardun mallaka, inshora, takardar kwastan, da lasin mai rukunin A, wanda shi ne na babur. Lasin mota ba ya wadatarwa.

Washegari ɗan Zariyan nan, Allah ya saka masa da alheri, ya ba ni Ninja 1000 ɗinsa na zagaya. Ba zan ɓoye ba, shi ne babur ɗin da ya fi kwanta min a rai a duk tafiyar. Kawasaki sun fito da shi a 2011 musamman don irina, masu son siffar babur ɗin tsere amma ba sa son azabarsa. Injin si-si 1,043, ƙarfin doki wajen 140, tanki lita 19, hannuwa a sama inda za ka kama ba tare da ka sunkuya ba, ga gilashin gaba da ake ɗagawa ko a sauke da hannu. A giya ta shida za ka iya rage gudu har ka kusa tsayawa, ka murɗa totur ya ɗauka ba tare da ya yi tari ba. Da Kaduna ko Kano nake zuwa duk mako, da ban tsaya wani dogon tunani ba.

Abu uku suka raba ni da shi. Wanda muka samu na sayarwa kuɗinsa ya zarce abin da ke hannuna da kusan miliyan 3. Nauyinsa kuma wajen kilo 230 ne. Na ukun Baba ne ya tono shi: littafin babur ɗin yana neman fetur mai lambar oktan 95, wato ma'aunin yadda fetur ke jure matsi ba tare da inji ya yi ƙwanƙwasa ba, alhali wanda ake sayar mana a gidajen mai galibi 91 ne, balle a zo ga na 'yan bumburutu a ƙauye. Masu hawansa a Abuja sun ce suna sha a haka, wasu suna ƙara wani ruwan gwangwani a tanki. Baba ya ce a tsaunin Jos matsalar za ta ragu, don iskar sama ba ta da kauri, injin ba ya matsa ta kamar a ƙasa. Duk da haka bai ga dalilin da zan sayi abin da kullum zan riƙa sauraron ko yana ƙwanƙwasa ba. Na gwada Ninja 650 ma. Hankali ya ce shi ne, ga sauƙin nauyi, ga ƙarancin shan mai, amma sautin silinda biyu bai motsa min komai ba, kuma mutum ba ya tara kuɗin shekaru don ya sayi abin da zuciyarsa ba ta so.

A wani gareji can wajen Apo muka ci karo da jan Honda CBR650F. Silinda huɗu ne, si-si 649, ƙarfin doki tamanin da 'yan kai, wato ya ninka Boxer ɗina kusan sau goma. Kujera milimita 810, kuma siririya ce ta gaba, don haka ƙafafuna suka sauka sosai. Hannuwan suna saman ƙahon gaba, ka ɗan rusuna kaɗan amma nauyinka yana kan kujera. Tanki lita 17 da ɗigo 3, yana shan fetur ɗinmu ba gardama, ga birki mai ABS da ba ya bari taya ta ƙulle in ka danna a firgice. A takarda ya gaza R6 ƙarfi da yawa. A cikin unguwa kuwa ya fi shi kuzari, domin an gyara injin ya riƙa ja tun daga tsakiya.

Nan Baba ya karɓi ragama, ni na koma ɗan kallo. Da farko ya dafa injin ya tabbatar da sanyi yake, don mai son ɓoye ciwo yakan ɗumama shi kafin ka iso. Ya tayar, ya kasa kunne, ya leƙa bakin salansa ko hayaƙi zai fito. Ya ɗora mita a kan batir ya ga yana caji wajen bolt 14. Ya shafa ƙahonin gaba yana neman yoyon mai, ya ɗaga tayar gaba ya juya kan hagu da dama ko zai ji ya maƙale a tsakiya, ya leƙa ƙarafan da ke tare kan in ya kai ƙarshe, don su ne ke tona asirin babur ɗin da ya taɓa faɗuwa da ƙarfi ko da an canza masa robobin jiki. Ya ja sarƙa daga bayan haƙoran tayar baya ya ga yadda ta saki. Mai garejin ya ce samfurin 2018 ne. Baba ya sa tabarau ya karanta lambar jikin babur ɗin mai harufa 17, ya ƙirga zuwa na goma, ya ce, "Oga, F ne a nan. F kuwa 2015 ce. Da 2018 ce da J za mu gani." Mutumin ya yi dariya ya ce haka aka gaya masa shi ma. A gefen tayar baya kuma akwai lambobi huɗu, 3419, ma'ana mako na 34 na shekarar 2019. Zanen tayar bai cinye ba, amma roba tana bushewa ko ba a hau ta ba.

Waɗannan biyun su suka yi mana ciniki. Daga naira miliyan 7 da rabi muka yi ta ja, ana "albarka" ana "Allah ya ba da kasuwa", har muka tashi kamar za mu tafi, aka kira mu, aka sallama a miliyan 6 da dubu 700. Dillali ya karɓi la'adarsa, aka rubuta takardar ciniki da shaidu. Sa'ar da na yi, wanda ya shigo da shi ya riga ya yi masa rajista ya hau shi a Abuja, don haka da lambarsa da takardar kwastan, kuma Baba ya gwada lambobin takardun da na jikin ƙarfe ɗaya bayan ɗaya. Tura kuɗin ne ya so ya ba mu ciwon kai, manhajar banki ta ƙi wuce iyakar rana, sai da aka raba shi aka kwana. Hular kwano mai rufe fuska, da jaket mai sulke a kafaɗa da gwiwar hannu, da safar hannu, da takalmi mai rufe idon sawu suka lashe wata naira 310,000. Na ji zafin fitarta, amma fata ba ta da kantin sayarwa. Muka sauya baƙin mai da tacensa, muka wanke sarƙa muka shafa mata mai, na sayo kilishin Area 1 na tsaraba.

Na yi wa Baba tayin goyo zuwa gida. Ya dubi 'yar kujerar bayan ya ce, "Ɗana, ina da jikoki. Ba ni jakarka, mu haɗu a Jos." Ya bi mota.

Na fito da sassafe bayan na cika tanki, lita tana wajen naira 900 a lokacin. Wanda zai bar Abuja da safe ya more, domin duk cunkoson yana ɗaya hannun, dubban motoci daga Masaka da Mararaba suna rarrafe zuwa cikin gari, nawa hannun kuwa fayau. Daga Keffi zuwa Akwanga na bi sahun motocin haya ban nemi wuce kowa ba, ina koyon halin abin hawana. Gilashin gaban gajere ne, iska tana sauka a kafaɗa, amma ba ta wahalarwa. Akwai 'yar tsuma da ke zuwa hannu da mataki in allura ta kai tsakiya, halin silinda huɗu ne, ka ƙara giya ta lafa.

A Akwanga na tsaya na ƙara mai na sha shayi, nan take 'yan acaɓa suka yanyame ni. Tambaya biyu ce kowa ke yi, nawa ka saya, kuma yana gudun nawa. Babu wanda ya tambaya ko baya yana ciwo. Wani yaro ya tsuguna yana auna faɗin tayar baya da tafin hannunsa. Mai facin da ke gefe ya faɗa min gaskiya cewa in ta yi faci ba shi da abin da zai cire ta da shi ba tare da ya kankare bakin rim ba. Na nuna masa 'yan tsutsotsin roba da ƙaramin famfo da mutanen lambun nan suka sa na saya, tunda tayar ba ta da tub, daga waje ake toshe ta.

Daga Andaha aka shiga ainihin jarrabawar. Tayoyin irin waɗannan babura inci 17 ne, robar kuma ba ta da kauri a gefe, don haka ramin da Boxer zai faɗa ya fito yana dariya zai iya lanƙwasa maka rim. Tsakanin cikinsa da ƙasa bai wuce santimita 13 zuwa 15 ba, bututun salansa huɗun nan masu kyau kuma su ne a ƙasan. Duk tudun rage gudu da mutanen gari suka gina da kansu sai na hau shi a karkace, a hankali. Inda kwalta ta ɓare gaba ɗaya na ɗan miƙe a kan matakai na bar babur ɗin yana rawa a ƙarƙashina, abin da da R6 ne ban san yadda zan yi shi ba. Motocin da na wuce a baya duk suka zo suka wuce ni, suna watsa min ƙura. Na ga ramin da Baba ya nuna min, na kewaye shi.

A wani shinge kafin Forest jami'in ya ɗaga hannu tun daga nesa. Ƙa'idar wurin ita ce mai babur ya sauka ya kashe ya tura.

"Yallaɓai, barka da aiki."

"Sauka. Cire hular mu ga fuska."

Na cire, na miƙa takardu. Ya duba su sama-sama, hankalinsa yana kan babur ɗin. Ya tambaye ni ko ni soja ne, na ce ɗan kasuwa ne. Ya tambayi kuɗinsa, na rage masa rabi, duk da haka ya kama baki. Ya miƙo min takardun ya ce in tura har bayan buhunan yashi na ƙarshe. Wurin da ɗan tudu, rana ta take, ga jaket mai sulke. Kilo 210 na tura ina ɗigar da gumi, ina yi wa Baba addu'a a zuci da ya hana ni Hayabusa.

Wajen kilomita 150 da fara tafiya mazaunai suka fara ƙorafi, gwiwa ma ta ɗan riƙe. Wuyan hannu da wuya da baya kuwa lafiya lau, kuma su ne abin da na fi tsoro. Na huta a Forest na ci ayaba da gyaɗa, na yi salla, na mayar da rigar sanyi a ƙarƙashin jaket.

Hawan Kibo a kan babur ba shi ne wanda na sani ta tagar mota ba. Ga duwatsu a tsaye, ga kwazazzabo, ga ƙamshin ciyawar da aka ƙona, kowace kwana kuma iska tana ƙara sanyi. A nan na gane abin da na biya. Tireloli suna hawa da ƙyar suna tuttula baƙin hayaƙi, da hanya ta buɗe sai in ɗan murɗa in wuce, ba tare da na sauke giya biyu ko uku ba. Sai dai wurin ba na wasa ba ne. Manyan motoci suna zubar da gas da baƙin mai a tsakiyar kwana, ga tsakuwa a gefe, ga wanda birkinsa zai iya tsinkewa. Da tsohuwar tayar nan a baya ban yarda na kwanta a kwana ba, na bi a sannu. Masana inji suna cewa duk hawan mita 300 yana rage wa inji kusan kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa, don haka a Jos babur ɗin ya yi asarar wajen kashi 12. Ban ji rashin ba. Da yake mai injekta ne ba kafireto ba, da kansa ya daidaita man da iskar, bai yi ko tari ba har na hango duwatsun Riyom.

Na shiga Bukuru kafin la'asar. Da na lissafa man da na sha, lita ɗaya ta kai ni kimanin kilomita 20. Ya fi motata sau biyu, amma Boxer ya fi shi fiye da sau biyu, don haka duk wanda ya ce maka ya sayi babban mashin don tsimin mai, kansa yake yaudara. Wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Hajiyarmu ta fito ta zagaya shi, ta tambaya ko akwai inda ake rage masa gudu a kulle. Uwargida kuma ta dubi kujerar baya ta ce ita da motar suna nan.

Yanzu da shi nake zuwa shago. A cunkoson Terminus fanka takan tashi, amma a sanyin Jos ɗumin ma daɗi yake yi da safe. Ba ya ɗaukar kaya, ko ledar burodi sai na sa a jakar goyo, saboda haka Boxer bai bar gidan ba, shi ke shiga ƙauye. Duk kilomita 500 zuwa 600 nakan kai wa Baba ya wanke sarƙa ya shafa mai ya duba iskar taya. Tayar bayan ce ba a samu mai lamba 180/55 sabuwa a Jos ba, sai daga Legas aka yi min oda, naira 230,000 har da kuɗin motar dare, kuma Baba ya ce kada in yarda a sauke ta sai na karanta lambobi huɗun da ke gefenta.